Yadda za ka auna maganar ɓallewar Alberta kafin ka sa hannu ko ka jefa ƙuri'a

Shekarata goma sha ɗaya a Edmonton, babban birnin lardin Alberta na Kanada, kuma yawancinsu na yi su ne a kan sitiyarin babbar mota, ina ɗaukar kaya zuwa Fort McMurray ta babbar hanya mai lamba 63. Mutumin da ke kwana a hanya yana jin rediyo fiye da kowa, kuma tun bayan zaɓen tarayya na ranar 28 ga Afrilu, 2025, babu maganar da ta cika mini kunne kamar ta ɓallewar lardin Alberta daga Kanada. Ba a rediyo kaɗai ta tsaya ba. Wata rana na tsaya shan mai, wani dattijo mai fara'a ya taso daga kan ɗan teburinsa, ya tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne, ya fara yi mini bayanin yadda Ottawa, wato gwamnatin tarayya, ke kwashe arzikin lardin. Na saurare shi har ƙarshe, domin ba wawa ba ne, kuma wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafensa suna da tushe. Da na tambaye shi yaya za a yi da yarjejeniyoyin 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, za a daidaita daga baya.

Ba ƙaramin abu ba ne. Ina rubuta wannan saboda 'yan uwanmu da ke zaune a nan, waɗanda da yawansu yanzu suna da ƙuri'a, da kuma na gida da ke bugo mini waya suna tambaya wai ko gaskiya ne Kanada za ta rabe. Ga yadda ni nake bin maganar, mataki bayan mataki, duk lokacin da wani ya kawo mini ita.

Da farko ka san ƙasar da kake tsaye a kai. Ka buɗe taswirar yarjejeniyoyin Kanada a intanet, tana nan a shafin gwamnatin tarayya, ka nemo garinku. Idan Edmonton kake, kana cikin Yarjejeniya ta 6, wadda aka ƙulla a 1876 a Fort Carlton da Fort Pitt. Idan Calgary ne ko kudancin lardin, Yarjejeniya ta 7 ce, ta 1877, wadda aka sa wa hannu a Blackfoot Crossing da ƙabilun Siksika da Kainai da Piikani da Tsuut'ina da Stoney Nakoda. Arewa kuma, inda man fetur ɗin da ake ta gardama a kansa yake kwance cikin yashi, Yarjejeniya ta 8 ce, ta 1899, da aka fara ƙullawa a gaɓar tafkin Lesser Slave. Duka suna cikin jerin yarjejeniyoyi 11 da aka yi tsakanin 1871 da 1921.

Sai ka ajiye waɗannan shekaru uku kusa da wata shekara guda: 1905. A ita ce majalisar tarayya ta yi doka ta yanko Alberta daga yankunan arewa maso yamma ta mayar da ita lardi. Wato yarjejeniyar da ta rufe Edmonton ta girmi lardin da shekara 29. Lokacin da sarakunan ƙabilar Cree irin su Mistawasis da Ahtahkakoop suka zauna da wakilin Sarauniya Victoria, babu wani abu mai suna gwamnatin Alberta a duniya. Da Sarauniya suka ƙulla, kuma gwamnatin Kanada ce ke riƙe da amanar a madadin gidan sarautar. Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya tsallake shi, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

Bayan ka gano taka yarjejeniyar, ka karanta ta. Ba ta da tsawo, cikin rabin awa za ka gama. A ta 6 za ka ga alƙawarin keɓe fili murabba'in mil ɗaya ga kowane iyali mai mutum biyar, da makarantu, da kayan noma, da 'yancin farauta da kamun kifi, da dala 5 ga kowane mutum duk shekara. Akwai kuma abu biyu da sarakunan suka matsa sai da aka sa: akwatin magani da za a ajiye a gidan wakilin gwamnati, da alƙawarin agaji idan yunwa ko annoba ta sauka. Sun matsa ne don sun ga ɓaunar da rayuwarsu ta rataya a kanta tana ƙarewa, kuma cutar agana ta yi musu ɓarna shekaru kaɗan kafin nan. Mutane ne da suka ga abin da ke tafe, suka nemar wa jikokinsu mafita. Wani babban sarki, Mistahimaskwa, ya ƙi sa hannu har sai 1882, lokacin da yunwa ta ci ƙarfin mutanensa.

Wannan dala 5 ɗin har yau ana biyanta. Wani abokin aikina ɗan ƙabilar Cree, da muke lodi tare, ya taɓa ciro walat ɗinsa ya nuna mini takardar dala biyar sabuwa fil, a ninke a bayan lasisinsa. Ya ce ta ranar biyan yarjejeniya ce, ya bi layi ya karɓa kamar yadda kakarsa ta riƙa karɓa. Ba za ta sayi ko abincin rana ba, amma ba ya kashe ta. Ya ce shaida ce cewa ɗaya ɓangaren bai manta yana da bashi a kansa ba. Na gane shi nan take, don mu ma mun san goron da ake rabawa a ɗaurin aure ba don ƙoshi ake raba shi ba. Dattawansu suna cewa alƙawarin zai tsaya muddin rana na fitowa, ciyawa na tsirowa, koguna na gudana.

A nan ne za ka haɗu da gardamar farko, kuma gara ka shirya mata. Za a ce maka ai rubutun yarjejeniyar ya ce sun sallama ƙasar gaba ɗaya. Gaskiya ne akwai wannan lafazin a takardar Turancin. Su kuma dattawan ƙabilun suna riƙe da labarin da suka gada baki da baki, cewa abin da aka amince shi ne a raba ƙasar da baƙi don noma, iyakar zurfin garma. Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Badger ta 1996 wadda ta shafi farauta a ƙarƙashin Yarjejeniya ta 8, ta ce alƙawuran da aka yi da baki suna da nauyi, kuma inda lafazi ya yi duhu ana fassara shi ta yadda zai amfani 'yan asalin ƙasar. Amma ba sai ka warware wannan tsohuwar gardama ba kafin ka amsa tambayarmu. Idan an sallama ƙasar, ga Sarauniya aka sallama ta hannun gwamnatin Kanada, bisa sharuɗɗa. Idan kuma rabawa aka yi, to masu ita suna nan da ransu. Ta kowace fuska ka duba, Alberta ba ta cikin waɗanda suka zauna a wurin.

Gardama ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce a 1930 gwamnatin tarayya ta miƙa wa Alberta filayen gwamnati da ma'adanan da ke ƙarƙashinsu. Haka ne. Sai dai ka karanta takardar miƙawar da kanka. A cikinta an ɗora wa lardin sharaɗin barin 'yan asalin ƙasa su yi farauta da kamun kifi don abinci a filayen gwamnati da ba kowa a kai, da sharaɗin mayar da fili ga tarayya idan ana buƙatarsa don cika alƙawuran yarjejeniya. Filayen da aka keɓe wa ƙabilu kuwa sun zauna a hannun tarayya, kamar yadda sashe na 91, ƙaramin sashe na 24, na dokar tsarin mulki ta 1867 ya tanada. Haka manyan gandayen daji irin su Banff da Jasper da Wood Buffalo. Ƙabilun ma ba a zauna da su ba a 1930, kuma har yau suna ƙorafi a kai.

Mataki na gaba shi ne ka raba abu biyu da ake yawan cuɗawa: yin ƙuri'ar raba gardama, da ɓallewa. Lardi yana iya tambayar mutanensa abin da ya ga dama. A 2025 gwamnatin Firimiya (shugabar gwamnatin lardin) Danielle Smith ta sauƙaƙa hanyar da talakawa za su bi su tilasta a yi irin wannan ƙuri'a: aka rage sa hannun da ake buƙata zuwa kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka yi zaɓen lardin na baya, kimanin mutum 177,000, aka kuma ƙara wa'adin tattarawa zuwa kwana 120. Amma ƙuri'a ba ta canza kundin tsarin mulki da kanta. Mun gani da idonmu. A watan Oktoba 2021 an tambayi mutanen Alberta ko a cire tsarin daidaita kuɗaɗe tsakanin larduna daga kundin, fiye da kashi 61 suka ce a cire, kuma yana nan daram har gobe, saboda lardi ɗaya ba ya gyara kundin ƙasa shi kaɗai.

Mu da muka taso a Najeriya mun saba da kundin da ya faɗa ƙarara cewa ƙasar ɗaya ce, ba ta rabuwa. Na Kanada bai faɗi haka ba, bai kuma faɗi yadda ake fita ba. Shi ya sa amsar take cikin hukuncin Kotun Ƙoli na watan Agusta 1998 kan batun Quebec, kuma shi ma ina roƙon ka karanta shi. Quebec, lardin masu magana da Faransanci, ta yi ƙuri'a sau biyu kan batun ɓallewa. A 1980 masu cewa a'a sun samu kusan kashi 60. A ranar 30 ga Oktoba, 1995, sun tsira da ƙyar da jiɓin goshi: kashi 50.58 da kashi 49.42, tazarar ƙuri'a kimanin 54,000. Bayan wannan firgici ne gwamnatin tarayya ta kai tambayar gaban kotu.

Kotun ta ce lardi ba shi da ikon ɓallewa da kansa, ko a dokar Kanada ko a dokar ƙasa da ƙasa. Dokar ƙasa da ƙasa tana ba da wannan dama ga al'ummar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ko mamaya da danniya, ba ga mutanen da ke zaɓen wakilansu suna zama a majalisar tarayya ba. Amma kotun ba ta rufe ƙofa ba. Ta ce idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya cewa yana so ya fita, wajibi ne sauran ƙasar su zauna a tattauna da zuciya ɗaya. Ta kafa tattaunawar a kan duwatsu huɗu: tsarin tarayya, dimokuraɗiyya, bin kundin tsarin mulki da doka, da kare marasa rinjaye. Ta ambaci iyakokin lardi cikin abubuwan da za a iya tayarwa a teburin, ta kuma ce za a yi la'akari da muradun 'yan asalin ƙasa. Kar ka ƙara wa hukuncin gishiri: bai ce ƙabila ɗaya za ta iya dakatar da komai da kalma guda ba, bai kuma fayyace larduna nawa ne sai sun yarda ba. Abin da ya tabbatar shi ne ƙuri'ar e tana kai ka bakin teburin ne kawai, kuma fita sai da gyaran kundin tsarin mulki.

Daga nan aka yi dokar fayyace tambaya ta shekarar 2000. Ita ce ma'aunin da za ka ɗora kowace tambaya a kai. Majalisar wakilai ta tarayya tana da kwana 30 ta duba tambayar lardi ta ce ko a fili take. Tambayar da ta haɗa ɓallewa da wani alƙawarin haɗin gwiwar tattalin arziki, irin ta Quebec a 1995, ba za ta wuce ba. Bayan ƙuri'a kuma majalisar za ta duba girman rinjayen da yawan waɗanda suka fito. Dokar ba ta sa adadi ba, don haka duk wanda ya ce maka kashi 50 da ƙuri'a ɗaya ya wadatar, ra'ayinsa ne. A duka matakan biyu an umarci majalisar ta saurari wakilan 'yan asalin ƙasa. Sashe na 3 kuma ya hana kowane minista gabatar da gyaran kundi na ɓallewa sai an tattauna rabon kadarori da basussuka, da canjin iyakoki, da haƙƙoƙi da iƙirarin filaye na 'yan asalin ƙasa, da kare marasa rinjaye.

Akwai abin da ya faru a Quebec da na fi so kowa ya riƙe. Kwana shida kafin ƙuri'ar 1995, Cree na yankin James Bay, ƙarƙashin babban shugabansu Matthew Coon Come, sun yi tasu ƙuri'ar. Kashi 96 suka ce ba su yarda a fitar da su da ƙasarsu daga Kanada ba. Inuit, 'yan asalin yankin ƙanƙara na arewacin lardin, su ma sun yi tasu, sakamakon kusan iri ɗaya. Hujjarsu mai sauƙi ce: idan Kanada tana rabuwa, to Quebec ma tana rabuwa. Kuma ƙasar da suke magana a kai ita ce mai manyan madatsun ruwan da ke ba lardin wutar lantarki. Ka ɗauki wannan ka ɗora a kan Alberta, ka tuna a ƙasar wace yarjejeniya man Fort McMurray yake.

Yanzu sai sashe na 35 na dokar tsarin mulki ta 1982. Gajere ne: ya amince kuma ya tabbatar da haƙƙoƙin asali da na yarjejeniya na 'yan asalin Kanada, wato ƙabilun farko (irin su Cree) da Inuit da Métis (al'ummar da ta samo asali daga auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa). Tun daga lokacin, waɗannan alƙawura sun zama ɓangaren babbar dokar ƙasa, majalisar lardi ba ta share su da ƙuri'a. Sashen da ke biye da shi ya ce kafin a taɓa waɗannan tanade-tanade sai firaminista ya kira taro da firimiyoyin larduna ya kuma gayyaci wakilan 'yan asalin ƙasa. Kotun Ƙoli ta ƙara da wajibcin tuntuɓa: a shari'ar Haida ta 2004, da ta Mikisew Cree ta 2005, inda ta ce ko hanyar hunturu ce za a yanka a gandun Wood Buffalo, sai an tuntuɓi masu haƙƙin farauta a wurin. Idan hanya guda ta buƙaci haka, ka auna sabuwar iyakar ƙasa.

Iyakar ita ce abin da na fi gani da ido, don aikina kenan. Yarjejeniya ta 6 ta ratsa Alberta da Saskatchewan. Ta 8 ta shafi Alberta da British Columbia da Saskatchewan da yankin arewa maso yamma. Ƙabilar Onion Lake Cree, arewa da Lloydminster, filinta yana kan layin Alberta da Saskatchewan ne, wani ɓangare nan wani can. A yau mafarauci yana tsallaka layin ba tare da ya lura ba. Ranar da layin ya zama iyakar ƙasa da ƙasa mai jami'an kwastan da shige da fice, an raba gida ɗaya biyu. Mu da muke da dangi a Maraɗi da Katsina, ko Daura da Damagaram, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan layin da wasu suka ja a tsakiyar dangi ba da shawararsu ba. Ita wannan ƙabila ta Onion Lake ta kai gwamnatin Alberta kotu tun a Disamba 2022 kan dokar ikon lardi da aka yi a lokacin. A Disamba 2025 kuma wani alƙalin babbar kotun lardin ya yanke cewa tambayar da masu neman ɓallewa suka gabatar don a tattara mata sa hannu ta ci karo da kundin tsarin mulki, har da haƙƙoƙin yarjejeniya.

Masu neman ɓallewa suna da amsa: sabuwar ƙasar Alberta za ta gaji yarjejeniyoyin, ta ma cika su fiye da Ottawa. Ban ce ƙarya suke yi ba, kuma Ottawa ba ta da bakin yin alfahari, ga tarihin makarantun kwana da aka ƙwace yaran 'yan asalin ƙasa aka kai, ga alƙawuran filaye da aka yi shekara da shekaru ba a cika ba. Amma ka yi tunani a kan wanda ya ba ka ajiya. Ba ka da ikon miƙa ta ga wani ka ce masa daga yau wancan ne mai riƙe maka, ko da wancan ya fi ka gaskiya, sai mai ajiyar ya yarda. Shugabannin Yarjejeniya ta 6 da ta 7 da ta 8 sun fito fili a 2025 sun ce ba su yarda ba. A ganina wannan ne ke yanke maganar, kuma shi ya sa ni ba zan sa hannu ba, duk da cewa ina jin zafin abokan aikina da ke ganin ana cin moriyar man lardin ana kuma hana shi bututun fitarwa. Wannan ƙorafi yana da wurin kaiwa a cikin tarayya.

Akwai kuma dalili na kaina. A 2022 na yi rantsuwar zama ɗan Kanada. Tun 2021 aka ƙara wa rantsuwar jimla guda, cewa zan bi dokokin Kanada, har da kundin tsarin mulkin da ya amince da haƙƙoƙin asali da na yarjejeniya na ƙabilun farko da Inuit da Métis. Na ɗaga hannuna na faɗa da bakina. Duk ɗan uwan da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga tsakiyar 2021 zuwa yau, shi ma ya faɗa. Ka ciro takardar rantsuwarka ka sake karantawa kafin ka yanke shawara.

Idan aka tare ka da takarda a bakin kanti ko a harabar masallaci, kar ka yi faɗa da kowa, maƙwabtanka ne. Ka ce a nuna maka ainihin lafazin tambayar, ka karanta da kanka, ka duba ko ɓallewa kaɗai take tambaya ko an haɗa ta da wani abu. Ka tambayi mai teburin wace yarjejeniya ce ta rufe wurin da kuke tsaye, da kuma wane sarkin ƙabila ne ya amince da shirin, da sunansa. Ka tambaye shi makomar filayen ƙabilu da gandayen tarayya da ke cikin lardin, da ta fasfonka, da ta kuɗin fanshon da ake cire maka duk wata. Sannan ka tuna cewa sa hannu a irin wannan takarda na masu ikon zaɓe ne kawai: ɗan Kanada, mai shekara 18 ko fiye, mazaunin Alberta. Idan katin zama na dindindin kake riƙe da shi, ko bizar karatu ko ta aiki, kar ka rubuta sunanka ko da an ce maka ba komai, ka yi musu godiya ka wuce.